Awon Ƙarfin Ɗakunan Zuciya da Sauti: Inda Sarrafa Sigina Ya Rage Kuskure da Inda Ya Gaza

A fannin likitancin zuciya, da wuya a sami wata lamba da ake rataya wa hukunci masu nauyi kamar kason turawa, wato kason jinin da ɗakin hagu na ƙasa yake fitarwa a kowane bugu idan aka gwada shi da abin da ya cika ɗakin kafin ya matse. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi, kuma na hagu daga cikin na ƙasan shi ne mai kaurin bango da ke aika jini ga ilahirin jiki. Idan ɗakin ya cika da mililita 120, ya matse har ya rage saura 50, to ya fitar da 70 ke nan, kason turawarsa kuwa ya kama kusan 58 cikin 100. Ƙa'idar da ƙungiyoyin masana hoton zuciya na Amurka da na Turai suka fitar tare a 2015 ta sa lafiyayyen kaso tsakanin 52 da 72 ga maza, tsakanin 54 da 74 ga mata. Ƙasa da wannan akwai iyakokin da magani ke sauyawa a kansu: wanda kasonsa ya tsaya a 40 ko ƙasa yana shiga rukunin masu gazawar zuciya da ake ɗora wa wasu magunguna na musamman, wanda ya maƙale a 35 ko ƙasa duk da watannin shan magani ana iya shawartarsa da dasa na'urar daidaita bugu a ƙarƙashin fata, mai shan maganin sankara irin su doxorubicin ko trastuzumab kuma, faɗuwar maki 10 na iya sa a dakatar da maganin da rayuwarsa ta dogara da shi. Abin tambaya shi ne ko na'urar da ake samo wannan lamba da ita tana da ingancin da za ta ɗauki irin wannan nauyi.

Mafi yawan waɗannan lambobi daga na'urar eko suke fitowa, wato sikanin zuciya da sautin da ya wuce jin kunnen ɗan Adam. Likita Inge Edler da masanin fiziya Hellmuth Hertz ne suka fara gwada ta a birnin Lund na ƙasar Suwidin a 1953, da wata na'urar gano tsagewar ƙarfe da suka aro daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Malmo, kuma tushen aikin bai sauya ba har yau. Kan na'urar da ake ɗorawa a ƙirji yana aika gajeren sauti mai kaɗawa sau miliyan biyu zuwa huɗu a daƙiƙa, sannan ya saurari amsa-kuwwar da ke dawowa daga kowace mahaɗar nama da jini, ya lissafa zurfin wurin daga lokacin da sautin ya ɗauka. Lissafin yana ɗauka cewa sauti na tafiyar mita 1,540 a daƙiƙa a ko'ina cikin jiki, alhali a cikin kitse yana tafiya a hankali fiye da haka. Kafin sauti ya je zurfin santimita 15 ya dawo, yakan ci kusan kashi ɗaya cikin 5,000 na daƙiƙa, don haka na'urar ba ta iya zana layi fiye da kimanin 5,000 a daƙiƙa. Idan hoto ɗaya na bukatar layi 100, hotuna 50 kawai za a samu. Duk wanda yake son hoto mai faɗi ko mai laushi sai ya sarayar da sauri, kuma wannan ciniki yana bin kowace dabara da za a ambata a gaba. Ga shi kuma zuciya a ɓoye take bayan haƙarƙari da huhu, ƙashi da iska kuwa duk suna tare sauti, sai a 'yan tagogin da ke tsakanin ƙasusuwan ake iya leƙen ta.

Samun hoto mataki ɗaya ne, mayar da shi girman ɗaki kuma wani mataki ne mai nasa kurakuran. Masu binciken farko faɗin ɗakin kawai suke aunawa a kan layi guda, sai su ninka shi da kansa sau uku a matsayin girmansa, wanda hakan ke nufin kuskuren kashi 10 cikin 100 a faɗi yana zama kusan kashi 33 a girma. Gyaran da wani mai bincike mai suna Teichholz ya kawo a 1976 ya rage wannan ga zuciyar da ta kumbura, amma bai kawar da zaton cewa dukkan bangon yana motsi daidai da wurin da layin ya ratsa ba, zaton da ke rushewa da zarar toshewar jijiya ta kashe wani sashe na tsokar. Shi ya sa tun 1989 ƙungiyar masana eko ta Amurka ta fifita hanyar faifai, wadda ake dangantawa da ƙa'idar lissafi ta Simpson: ana ɗaukar hotuna biyu daga tsinin zuciya ta kusurwoyi daban-daban, a zana iyakar cikin bango a lokacin cika da lokacin matsewa, kwamfuta ta yanka ɗakin zuwa faifai 20 daga gindi zuwa tsini, ta tara girmansu.

A kan takarda hanyar ba ta da aibi, amma a gefen gadon majiyyaci ake gane rauninta. Mutum yana kwance a gefen hagu, hannunsa ƙarƙashin kansa, ma'aikaci yana lalube tsakanin haƙarƙari da kan na'ura mai santsin jel, yana neman daidai inda tsinin zuciya yake. Idan ya tsaya a tagar da ke sama da ta gaskiya da ƙashi ɗaya kacal, saboda a nan hoton ya fi fitowa fes, yankan zai bi ta gefen tsinin, ɗakin ya bayyana gajere mai zagaye, girmansa ya ragu, kason turawa kuma sau da yawa ya hau fiye da yadda yake. Cikin bangon ma ba sumul yake ba, cike yake da zaruruwan tsoka da jini ke shiga tsakaninsu, waɗanda ƙa'ida ta ce a lissafa su cikin ramin ɗaki, amma a lokacin matsewa sukan haɗe su yi kama da bango. Bugu da ƙari, bangon gefe yana kwance ne a layi ɗaya da hanyar sautin, don haka amsar da yake mayarwa ba ta da ƙarfi, wani lokaci ya ɓace ɗungum, hannun ma'aikaci ya cike gurbin da zato. A ɗakin da ya cika da mililita 150, idan wani ya zana ragowar jini 85 wani ya zana 78, na farko zai rubuta 43, na biyu 48, bambancin da bai kai cokalin shayi biyu na jini ba. Wani bincike da aka buga a 2013 daga asibitin Cleveland a Amurka, a kan masu shan maganin sankara waɗanda zuciyarsu ba ta sauya ba tsawon shekara, ya nuna cewa awon hoto mai fuska biyu, wato irin wanda hanyar faifai ke aiki da shi, na iya kai-komo da kusan maki 10 daga wata ziyara zuwa wata, wato daidai girman faɗuwar da aka ce a dakatar da magani a kanta. Daga nan ake gane cewa abin da ake nema wajen sarrafa sigina, wato lissafin da ake yi wa amsa-kuwwa tsakanin dawowarta da bayyanarta a allo, ya wuce kyan hoto. Abin nema shi ne a auna mutum guda sau biyu a sami amsa ɗaya matuƙar zuciyarsa ba ta sauya ba.

Gyaran da ya fi kowanne amfani ga yawan jama'a, kuma wanda aka fi mantawa da shi saboda ya zama ruwan dare, shi ne sauraron amo mai ninki, wanda ya bazu a ƙarshen shekarun 1990. Sauti yana tafiya ne a matsayin matsi da sassauci masu bin juna, kuma a cikin nama ɓangaren matsin yana ɗan fin na sassaucin sauri, ta yadda siffar sautin ke karkacewa sannu a hankali yayin da yake nutsewa, har ya haifar da wani sabon amo mai kaɗawa ninki biyu na wanda aka aika. Sai na'urar ta aika sauti mai kaɗawa wajen miliyan 1.8, ta tace amsar, ta riƙe na wajen miliyan 3.6 kawai. Ribar ta fuska biyu ce. Amon mai ninki bai gama samuwa ba a 'yan santimitocin farko, inda fata da kitse da haƙarƙari ke haddasa kai-komon sauti da ke rufe tsinin zuciya da hazo, don haka tacewar tana zubar da yawancin hazon. Sannan kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa ne daidai da ƙarfin sautin asali ninki kansa, wanda ke nufin raunanan rassan sauti da ke fantsama gefe kusan ba sa samar da shi, sai tsakiyar layin kaɗai. Wata dabarar ma takan aika sauti biyu a jere, na biyun kishiyar na farko, idan aka haɗa amsoshinsu sautin asali ya kashe kansa, mai ninkin ya rage, sai dai kuɗin wannan shi ne rabin saurin hoto. Ba a rasa illa ba, domin amon mai ninki yana sa bawul ɗin zuciya ya yi kama da mai kauri, abin da ke iya ruɗar mai neman alamun farko na ciwon bawul da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ga yara.

Asalin dabarar sauraron amo mai ninki an ƙirƙire ta ne domin ƙananan kumfa da ake yi wa majiyyaci allurarsu, kafin a lura cewa nama ma yana ba da irin amon. Tun 1968 masu bincike Gramiak da Shah suka ga cewa kumfa a cikin jini na haskaka hoton eko, kumfan zamani kuwa, irin su Definity da SonoVue, iskar gas ce a cikin ɓawo siriri, ƙanana ne har suna ratsa jijiyoyin huhu su isa ɗakin hagu, su mai da ramin fari fat bangon ya fito baƙi. Ana ba da shawarar amfani da su idan sassa biyu ko fiye na bango masu maƙwabtaka ba sa ganuwa, amma suna bukatar allura da kuɗi, kuma ba kowane asibiti ke ajiye su ba.

Hoto mai fuska uku ya tunkari matsalar daga wani ɓangare, domin shi zaton siffa yake son kawarwa. An fara ƙera shi a Jami'ar Duke a farkon shekarun 1990, ya shiga asibitoci sosai bayan 2000 da kan na'ura mai ɗauke da ƙwayoyin aikawa da saurare kusan 3,000 da aka jera a murabba'i. Tunda ɗakin gaba ɗaya yana cikin abin da aka ɗauka, ana iya nemo tsinin gaskiya bayan an gama, kuma a binciken Cleveland ɗin nan wannan hanya ce ta fi tsayuwa, kai-komonta ya tsaya wajen maki 6. Amma cinikin sauri yana nan: domin a sami isassun hotuna, na'urar takan ɗinke yanki-yanki daga bugu huɗu ko shida, wanda ke bukatar majiyyaci ya riƙe numfashi kuma bugunsa ya daidaita, sharuɗɗa biyu da mai haki ko mai rikicewar bugun ɗakunan sama ba zai iya cikawa ba.

Sauyi mafi zurfi ya zo ne lokacin da masana suka daina bin iyakar bango suka koma bin tsokar kanta. Yunƙurin farko ya dogara da ƙa'idar Doppler, wadda ke gano saurin abu daga yadda kaɗawar sauti ke sauyawa idan ya dawo daga abu mai motsi. Jini yana gudu da sauri amma amsarsa rarrauna ce, tsoka kuwa tana motsi a hankali amma amsarta mai ƙarfi ce, don haka juya matatar da ke zubar da siginar tsoka ya isa a auna saurin bango. Sai dai Doppler motsin da ke kan layin sauti kawai yake gani: karkatar digiri 20 tana rage awon da kusan kashi 6 cikin 100, ta digiri 60 kuwa tana cinye rabinsa.

Mafita ta fito daga abin da aka daɗe ana ɗauka datti ne a hoto. Tsokar zuciya a allon eko ba ta fita da launi ɗaya, cike take da ɗige-ɗige masu haske da duhu, waɗanda ke samuwa saboda ƙananan sassan nama da ba su kai tsawon zangon sautin ba, wato wajen rabin milimita, suna watsa amsoshin da ke ƙarfafa juna a wani wuri su kashe juna a wani. Shekaru injiniyoyi suna neman goge su, har aka fahimci cewa zanen ɗigen kowane yanki na tsoka nasa ne shi kaɗai, kuma yana tafiya tare da yankin daga hoto zuwa hoto. Bin sawun ɗige, wanda rahotanninsa na asibiti suka fara fitowa a 2004, yana ɗaukar ɗan murabba'i a hoto na farko, ya nemi inda ya fi kama da shi a hoto na gaba, ya maimaita haka ga ɗaruruwan wurare a tsawon bugu guda. Daga nan ake lissafa takurewar tsoka: bangon da tsawonsa ya sauka daga santimita 10 zuwa 8 ya takure da kashi 20 cikin 100, wanda shi ne kimanin abin da ake samu ga lafiyayye. Wannan awo yana da daraja ta musamman domin zaruruwan tsokar zuciya ba hanya ɗaya suka bi ba. Na ciki da na waje suna tafiya a tsaye a karkace, na tsakiya suna kewaye ɗakin, har zuciya takan murɗe lokacin matsewa kamar yadda mai wanki ke murɗa zane. Na cikin su ne sukan fara raunana, na tsakiyan su rufa musu asiri na wani lokaci, shi ya sa takurewar tsaye kan faɗi kafin kason turawa ya motsa.

Dalilin da ya sa jimillar takurewa ta fi kason turawa tsayuwa ba wani sirri ba ne: ana ɗaukar matsakaicin wurare masu yawa daga hotuna uku, kurakuransu na kashe juna, kuma aikin hannu ya ragu. Amma akwai abubuwan da allon mai launuka ke ɓoyewa. Dabarar tana bukatar hotuna kimanin 40 zuwa 80 a daƙiƙa, domin idan sun yi kaɗan ɗigen kan fice daga yankan kafin hoto na gaba, idan sun yi yawa laushin hoton ya lalace. Manhajar kuma takan sassauta sakamako ta hanyar tilasta wa maƙwabtan wurare su yi kama da juna, wanda ke iya shafe ƙaramin rauni ko ya zana motsi inda ba a ga komai ba, shi ya sa awon sashe ɗaya na bango bai kai na jimilla aminci ba. Gwajin da aka yi a Leuven ta Beljiyam, aka buga a 2015, inda aka auna mutum 62 da na'urori da manhajojin kamfanoni tara, ya sami bambancin da ya kai maki 3.7 tsakanin wani kamfani da wani. Iyakar da likitocin sankara ke aiki da ita kuwa ita ce faɗuwar kashi 15 cikin 100 na awon farko, wato maki 3 ga wanda ya fara da 20, saboda haka sauya na'ura kaɗai ya isa ya ƙirƙiri cuta ko ya ɓoye ta. Wani abin lura kuma, gwajin SUCCOUR da aka buga a 2021, wanda ya kwatanta fara maganin kare zuciya bisa takurewa da farawa bisa kason turawa, bai sami bambanci bayyananne a babban ma'auninsa ba bayan shekara guda. Awon da ya fi tsayuwa bai riga ya tabbatar da cewa yana kai majiyyaci ga sakamako mafi kyau ba.

Mataki na baya-bayan nan shi ne miƙa zanen iyaka ga ƙirƙirarriyar basira. Manhajar EchoNet-Dynamic ta Jami'ar Stanford, wadda aka bayyana a mujallar Nature a 2020, ta koyi aikin daga bidiyon eko sama da 10,000, tana kuma kauce wa awon ƙwararru da kimanin maki 4 a matsakaici. Fifikonta na gaskiya shi ne tana auna kowane bugu a bidiyon ta ɗauki matsakaici, abin da ƙa'ida ta daɗe tana nema amma ma'aikaci mai layin majiyyata ba ya samun sukunin yi. A gwajin asibitin Cedars-Sinai na Los Anjeles a 2023, likitocin da ba su san wanda ya yi zanen farko ba sun yi babban gyara ga kashi 16.8 cikin 100 na awon manhaja, da kashi 27.2 na awon ma'aikata. Duk da haka manhajar daga zanen mutane ta koya, da kurakuransa, kuma idan aka ba ta yankan da ya kauce wa tsini za ta zana shi da kyau ta ba da lamba marar inganci, kullum iri ɗaya.

Akwai kuma iyakar da babu wani lissafi da zai tsallake, domin kason turawa ba ƙarfin tsoka zalla yake aunawa ba, har da yanayin da tsokar ke aiki a ciki. Idan bawul ɗin da ke tsakanin ɗakunan hagu yana yoyo, ɗakin ƙasa yana zubar da jini baya cikin sauƙi, kason ya yi kyau alhali tsokar ta fara gajiya. Mai daɗaɗɗen hawan jini kuma, bangonsa kan yi kauri ramin ya ƙanƙance, ya riƙa haki da kumburi da kaso 60. Ɗakin dama na ƙasa ma, wanda ya naɗe na hagu a lanƙwashe, hanyar faifai ba ta kama shi, sai a koma ga awo mai sauƙi kamar nisan da gindinsa ke sauka a kowane bugu, inda ƙasa da milimita 17 ke nuna rauni.

Ƙasar Hausa tana da misali na kusa game da yadda awo ke sauya ma'anar cuta. A 1978 masu bincike Davidson da Parry suka buga bayanin mata 224 da gazawar zuciya ta kama bayan haihuwa a Zariya, suka kuma ja hankali ga al'adun jego, wato wankan ruwan zafi, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa mai yawan gishiri. Shekara guda bayan haka Sanderson da abokan aikinsa suka duba irin waɗannan mata da eko a Zariya, suka ga cewa da dama daga cikinsu tsokar tana matsewa fiye da yadda aka zata, abin da ya sa suka karkata ga cewa yawan ruwa da gishiri a jiki na da hannu. Daga baya aka shigar da sharaɗin eko cikin ma'anar ciwon tsokar zuciya na masu jego, ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta riƙe kaso ƙasa da 45 a bayaninta na 2010, kuma da wannan ma'ana rajistar PEACE, wadda Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta nuna a 2020 cewa cutar ta fi yawa a arewa maso yammacin Nijeriya, amma ba ta sami alaƙa tsakaninta da wankan jego ko kunun kanwa ba. Mai yiwuwa ne binciken biyu ba rukunin mata ɗaya suke magana a kai ba, kuma lambar eko ce ta raba su.

Ga mai jegon da aka tabbatar wa cutar, awo na biyu bayan wata shida ya fi na farko nauyi, domin a kansa ake yanke ko ta warke, ko za a ci gaba da magani, da kuma shawarar da za a ba ta da mijinta game da sake ɗaukar ciki, tunda ƙa'idojin Turai suna gargaɗi a kan hakan matuƙar ɗakin bai koma daidai ba. Idan an auna ta 44 a wani asibiti, aka auna 51 a wani da wata na'ura, wannan tazara tana cikin kai-komon da hoto mai fuska biyu ke yi ko da zuciya ba ta sauya ba. Abin da zai raba gardama shi ne a maimaita awon da na'ura ɗaya da hanya ɗaya, a rubuta hawan jininta da saurin bugunta a ranar, a kuma ajiye bidiyon farko domin mai karatu na biyu ya jera su gefe da gefe ya duba ko tsawon ɗakin ɗaya ne a duka biyun, abin da ba ya yiwuwa idan takardar sakamako kaɗai aka miƙa mata ta tafi da ita gida.